Kafin ka canza wa tsohuwar magenka inshora a Ingila

Wallahi duk wanda ya taɓa kai mage asibitin dabbobi a Ingila ya san kuɗi ake zubarwa, babu NHS (tsarin asibitin gwamnati na kyauta) ɗin dabbobi, daga aljihunka ne. To in magenka ta haura shekara 8 ko 10 sai ka ga kuɗin inshora yana ta hawa duk shekara, ranka ya ce ka koma wani kamfani mai araha. Dakata tukuna.

Fara karɓo takardar tarihin lafiyarta wajen likitanku ka karanta tsaf. Duk ciwon da aka taɓa rubutawa a ciki, ƙoda ne, suga ne, ko amai da ta yi bara, yawancin sabbin kamfanoni ba za su biya maka shi ba, su a wurinsu tsohon ciwo ne. Kuma tsofaffin maguna ciwon ƙoda na yawan damunsu, magani ne na har ƙarshen rai, shi ya sa ni in tana kan inshorar da ke sabunta kuɗin magani duk shekara ban ga dalilin barinta ba, amma inshora irin mai wata 12 ɗin nan da wa'adi ya cika shikenan sun zare hannu daga ciwon.

In dai lafiyarta ƙalau kuma ka ƙudurta canzawa, tambayi nawa za ka riƙa cikawa da kanka, wasu suna ɗora wa tsohuwar mage kashi 20 cikin 100 na kuɗin asibiti, ka kuma tambayi batun haƙori. Kar ka soke tsohuwar inshorar sai sabuwar ta wuce kwanakin jira, wato kwanakin farko da ba ta biyan kuɗin ciwo, galibi kwana 14 ne.