Yadda za ka rubuta takardar neman shiga makarantar kwana

Ƙanena, in ka samu BEPC, wato takardar shaidar gama ƙaramar sakandare, a Tawa kuma kana son makarantar kwana a Yamai, kada ka bar takardar nema sai daren ƙarshe.

Da farko je ka karanta sanarwar makarantar da idonka. Kwafe ranar rufe karɓa da takardun da za a haɗa, irin su takardar haihuwa, sakamakon jarrabawa da hotuna. In an ce da hannu za a rubuta, to da hannunka, kuma da Faransanci mai sauƙi wanda ka iya.

Sannan fara gwaji a tsohon littafi. Sunanka da adireshi a sama ta hagu, gari da kwanan wata ta dama, sai wanda kake rubuta wa.

Tsakiyar takardar ita ce ta fi damuna, don nan yara suke kwafar maganar wasu. Kada ka ce kana son ilimi kawai, kowa haka yake cewa. Faɗi dalilinka na gaskiya. In tafiyar ƙasa daga ƙauye ke cinye maka safiya, rubuta. In lissafi ka fi ƙarfi, kawo makin da ka ci. Ka nuna kuma za ka iya zama nesa da gida, ka wanke kayanka, ka bi doka.

Kai wa malaminka ya duba kurakurai, amma kada ya rubuta maka. Daga nan ka mayar a farar takarda, shafi guda, ba gogewa. Sa hannu, ka ajiye kwafi ɗaya a gida kafin ka kai.