Kurakuran da aka fi yi wajen bin diddigin annoba

Kuskuren da ya fi cin rai shi ne raɗa wa cuta suna tun ba a ga fuskarta ba. A farkon 2010 yara suka riƙa amai da jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Yankin sankarau ne, zazzaɓin cizon sauro kuma ɗan gida ne, don haka can hankali ya fara tafiya. Aka ba da maganinsu, shiru. Sai da aka auna jini aka gano gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a tsakar gida, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. Yara kusan 400 suka rasu.

Alamu kuwa suna nan. Ƙananan yara ne suka fi faɗuwa, ƙauyukan masu niƙa dutse abin ya fi kamawa, har agwagi sun riga mutane mutuwa. Gyaran ke nan: kafin a ce cuta kaza ce, a tambayi wa ta kama, a ina, yaushe, kuma me ya sauya a garin. In maganin da aka sani ya ƙi ci, a zargi sunan da aka ba cutar.

Sai ƙirga na asibiti kawai. Mutumin ƙauye yakan fara da kemis ko mai maganin gargajiya, wani ma daga ɗaki sai maƙabarta. Littafin asibiti bai san da shi ba. Mai unguwa, liman da masu wankan gawa sun sani. A je gare su. Wajen rubutawa kuma a sa ranar da ciwo ya fara, ba ranar da aka kawo mutum ba. Da ita ake gane ko rijiya ɗaya ce ta shayar da kowa, ko mutum ne ke ba mutum.

Wasu kuma sukan naɗe hannu suna jiran sakamakon ɗakin gwaji. A Landan, 1854, ana tsakiyar annobar kwalara, wani likita mai suna John Snow ya sa an cire hannun famfon titin Broad tun likitoci ba su yarda ruwa ke ɗauke da kwalara ba. A ɗebi samfur kafin a ba da magani, amma a rufe rijiyar yau.

Akwai shiga gari da farar mota ba sallama. Wanda ya tuna yadda aka dakatar da allurar shan inna a Kano a 2003 ya san tsadar rashin yarda. A fara da ƙofar dagaci, a dawo a faɗa wa mutane abin da aka gani a jinin 'ya'yansu.

Na ƙarshe, saurin naɗe tabarma da zarar masu ciwo sun ragu. Da Ebola ta shigo Legas a Yulin 2014, an bi kusan mutum 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, kowanne kwana 21 ana auna zafin jikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ce an rabu da ita ba sai 20 ga Oktoba, bayan kwana 42 ba sabon kamu.