Daga alto zuwa altanero: inda masu koyon Sifaniyanci ke tuntuɓe

Bahaushe ya yi sa'a da wannan dangin kalmomi. Mukan ce an ɗaga kaya, an ɗaga murya, mu kuma ce wane yana da ɗagawa. Sifaniyanci ma haka ya yi: daga kalmar Latin altus ya samo alto, alzar, altivo da altanero, tsawo da ɗagawa da girman kai duk tushe ɗaya. Sai dai wannan kamannin ne ke sa mu saki jiki.

Tuntuɓen farko daga Hausarmu yake zuwa. A wurinmu mutum dogo ne, hanya ma doguwa ce. Masu Sifaniyanci kuwa sun raba: abin da ya yi sama alto ne, wanda ya miƙe a kwance largo. Yayanka alto ne, hanyar garinku larga ce.

Sai alzar, wato ɗagawa: alzar la mano (ɗaga hannu), alzar la voz (ɗaga murya). Kalmar yau da kullum ita ce levantar, kuma da ita ake tashi daga barci: me levanto a las seis (ina tashi da ƙarfe shida). Kada ka ce me alzo, domin alzarse ta fi zuwa da ma'anar tayar da ƙayar baya. Tawayen sojoji na Yulin 1936, wanda ya jefa Sifaniya cikin yaƙin basasa, ɓangaren Janar Franco, ɗaya daga cikin jagororin tawayen, Alzamiento Nacional suka kira shi. A rubutu kuma z tana komawa c kafin e, don haka "na ɗaga" alcé ne. Tashin farashi el alza ne, amma kalmar mace ce kamar el agua (ruwa), jam'inta las alzas.

Inda na fi son a yi hattara shi ne wurin siffanta mutum. Altivo mai ji da kai ne, kuma a waƙa akan yaba da ita, kamar mutumin da talauci bai sa ya sunkuyar da kai ba. Altanero kuwa a kan mutum zargi ne. Asalinta daga farauta da shaho ne, tsuntsun da ke lulawa sama yana hangen komai a ƙarƙashinsa. Ka tuna ma'aikacin da ka yi wa sallama, ya amsa ba tare da ya ɗago ido daga takarda ba, ya ce ka dawo gobe: wannan shi ne altanero. In yabo kake nufi, ajiye su duka biyun, ka ce estoy orgulloso de ti, ina alfahari da kai. Kula da estoy ɗin, don es orgulloso na nufin mai girman kai ne.

In kuma ka ga ALTO a jan allo bakin titi a Meziko, ba maganar tsawo ake yi ba. Wannan daga halt na Jamusanci ta fito, ma'anarta tsaya, sai ka taka birki.