Yadda Ake Zaɓen Imel da Ma'ajiyar Intanet Tsakanin Sirri da Sauƙi

Da yawa daga cikin masu wayar Android ba su taɓa zama sun zaɓi imel ba, domin ranar da suka sayi wayar aka buɗe musu Gmail a shago don Play Store ya yi aiki, daga nan kuma hotuna da lambobin jama'a da hirar WhatsApp suka riƙa hawa rumbun Google ba tare da shawara ba. Kafin ka fara kwatanta wannan kamfani da wancan, tambayar da ya kamata ka fara yi ita ce: a hannun wa mabuɗin abin da ka ajiye yake?

Google da Microsoft da Apple suna kulle bayananka a kan hanya da kuma cikin rumbunsu, amma a tsarin da suka saba bai wa kowa, mabuɗin yana wurinsu. Wannan ne tushen sauƙin da ake ji, domin idan ka manta kalmar sirri za su iya mayar maka da asusunka da duk abin da ke ciki, injinsu yana tace saƙonnin 'yan damfara, kuma da kalma ɗaya kana iya binciko wasiƙar da ta daɗe da nutsewa. Shi ne kuma tushen rauninsa, tun da wanda zai iya buɗe maka ajiyarka zai iya buɗe ta ga wani. A 2017 Google ya sanar da daina karanta saƙonnin Gmail don zaɓen tallan da zai nuna wa mutum, amma ikon karantawar bai gushe ba, kuma dokar CLOUD Act da Amurka ta yi a 2018 ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanonin ƙasar ko da rumbun yana wata nahiya.

A ɗaya ɓangaren akwai Proton Mail, wanda wasu masana kimiyya da suka haɗu a cibiyar binciken kimiyya ta CERN suka kafa a Suwizalan a 2014, da kuma Tuta na birnin Hanoba a Jamus. Waɗannan suna ajiye saƙonninka a kulle ta yadda su kansu ba sa iya karanta su. Sai dai kada a ɗora musu abin da ba za su iya ba. Wasiƙar da ka aika daga Proton zuwa mai Gmail tana sauka a rumbun Google kamar kowace wasiƙa, sai idan ka sa mata kalmar sirri ta musamman da ka sanar da mai karɓa ta wata hanya. Haka kuma kullen ba ya ɓoye wanda ya rubuta wa wa da lokacin da ya rubuta. A 2021 umarnin hukumomin Suwizalan ya tilasta wa Proton miƙa adireshin intanet (IP, lambar da ke nuna daga inda aka shiga intanet) na wani ɗan fafutukar kare muhalli a Faransa, ko da yake abin da ke cikin saƙonninsa bai fita ba. Abu mafi nauyi ga mai amfani na yau da kullum shi ne, idan ka manta kalmar sirri kuma ba ka adana jerin kalmomin ceto da aka ba ka ba, kana iya sake shiga asusun ka tarar tsofaffin saƙonninka a kulle, babu ma'aikacin da zai iya buɗe maka.

Saboda haka, a ganina, kuskure ne mutum ya nemi kamfani ɗaya da zai ɗauki komai. Ka fara da rarraba kayanka. Rajistar shafuka, rasit na sayayya, hotunan biki da takardun da ka riga ka raba wa jama'a, duk za su iya zama inda suke, musamman ma da yake Google yana ba da gigabait 15 kyauta tsakanin Gmail da Drive da Photos, yayin da iCloud na Apple da OneDrive na Microsoft ke ba da 5, akwatin imel na kyauta a Tuta kuma gigabait 1 ne kacal. Abin da ke buƙatar kulle mai ƙarfi yawanci kaɗan ne: hoton fasfo da takardar NIN, takardun fili da na gado, sakamakon asibiti, ko bayanan waɗanda suka ba ka amana idan kai lauya ne ko ɗan jarida ko ma'aikacin lafiya. Wannan ƙaramin kaso shi za ka buɗe wa asusu na biyu a Proton ko Tuta, kada kuma ka riƙa ba da adireshinsa ga duk shafin da ya nema.

Idan ba ka son barin Google Drive ko OneDrive, manhajar Cryptomator tana kulle fayil tun yana kan na'urarka kafin ya hau, ta yadda kamfanin ba zai ga komai ba sai tarin haruffa marasa ma'ana, har da sunan fayil ɗin. Kyauta ce a kwamfuta, a waya kuma ana biyan lasisi don cikakken amfani. Masu iPhone suna da tsarin Advanced Data Protection da Apple ya fito da shi a ƙarshen 2022, wanda ke mayar da mabuɗin hotuna da ajiyar waya hannun mai su, amma bai shafi imel da kalanda da lambobin mutane ba. WhatsApp ma tun 2021 yana ba da damar kulle ajiyar hira da kalmar sirri ko mabuɗi mai haruffa 64, kuma za ka same shi a saiti, cikin sashen hira, wurin ajiyar hira. Sai ka kunna shi da kanka.

Duk wannan ba zai amfane ka ba idan ƙofar shiga a buɗe take, kuma a nan ne aka fi yin asara. Idan wani ne ya buɗe maka imel a shago, to ya san kalmar sirrinka, wataƙila ma lambarsa ce a wurin lambar ceto. Ka canza kalmar sirrin yau-yau, ka duba lambar da adireshin da aka sa don dawo da asusu, ka fitar da duk na'urar da ba ka sani ba daga jerin waɗanda ke ciki. Ka tuna cewa layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfanin sadarwa yana sayar da shi ga wani, kuma sabon mai layin shi zai riƙa karɓar lambobin tabbatarwarka. Don haka ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu ta manhajar da ke samar da lamba a kan wayarka, ka rubuta lambobin ceto a takarda, ka ajiye su tare da muhimman takardun gida. Satar bayanan Yahoo ta 2013, wadda kamfanin ya amsa a 2017 cewa ta shafi asusu biliyan uku, hujja ce babba a kan kada a yi amfani da kalmar sirri ɗaya a wurare biyu.

Akwai kuma ruɗin da ake yi tsakanin daidaitawa da ajiya. Aikin manhajar daidaitawa shi ne ta sa wayarka da rumbu su zama iri ɗaya, don haka abin da ka goge a nan zai gogu a can, kuma kwandon shara na Google Drive kwana 30 kawai yake riƙe fayil. Lokaci-lokaci ka sauke kwafin kayanka ta Google Takeout, shafin da Google ya tanada don sauke bayananka, ka zuba shi a faifan ajiya da ba ya haɗe da intanet.

Idan ka yanke shawarar ƙaura, kada ka rufe tsohon adireshi nan take, domin banki da makaranta da wurin aiki duk shi suka sani. Ka sauya su ɗaya bayan ɗaya, kana farawa da banki, sannan ka riƙa leƙa asusun biyu, tun da Google yana iya goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, Tuta kuwa wata shida yake bai wa asusun kyauta.