Kafin a zaɓi littafin renon daji

Malamai, kafin ku ɗora wa ɗalibai littafi, ku buɗe babin gandun reno tukuna. In misalansa duk itatuwan ƙasashen sanyi ne, a bar shi a laburare. Ruwan Zariya wata biyar zuwa shida ne, daga Mayu zuwa Oktoba, don haka jadawalin dashen Turai ba zai yi mana ba: dashen da ya makara, rani ne ke cinye shi.

A nemi wanda ya yi bayanin maɗaci, ɗorawa, gawo da turare, da yadda ake jiƙa iri mai taurin ɓawo a ruwan zafi, da tazarar mita 3 tsakanin itatuwa, da gara, da wutar daji. Na Julian Evans kan dashen ƙasashe masu zafi ya yi, sai dai tsada. Sunayen itatuwa kuwa, a haɗa da littafin Keay kan itatuwan Najeriya, bugun 1989.