Yadda Ake Auna Ƙarfin Maganin Kashe Ciwo Kafin A Sha

Duk wanda ya tsaya a shagon kemis a cikin garin Bauchi da yamma zai ji ɗan acaba ko lebura ya shigo riƙe da ƙugu yana cewa, "Malam, a ba ni mai ƙarfi, jikina duk ya mutu." Wannan kalma ta ƙarfi ita ce take ɓatar da mutane, domin kowane maganin kashe ciwo yana da irin ciwon da ya fi iya wa, yana kuma da sashen jikin da yake yi wa illa idan aka wuce gona da iri.

Da farko, a daina yin hukunci da lambar da ke jikin kwali. Ƙwayar farasitamol miligiram 500 ce, ta diclofenac kuwa sau da yawa 50 ce kacal, amma a ciwon gwiwa mai kumburi ƙaramar ta fi babbar aiki. Lamba tana da amfani ne kawai idan ana kwatanta magani da irinsa.

Bayan haka sai a duba irin ciwon. Farasitamol, wanda da yawa suka fi sani da Panadol, ya dace da ciwon kai da zazzaɓi da ciwon jiki na yau da kullum, kuma ba ya cin ciki, sai dai ba ya sauke kumburi. Babban mutum yana shan ƙwaya 1 ko 2, ya bar aƙalla awa 4 kafin ya sake, kuma kada ya wuce ƙwaya 8 a cikin awa 24. Wanda ya wuce haka hantarsa yake yi wa lahani, kuma abin tsoron shi ne alamun ba sa fitowa sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Yawancin magungunan mura suna ɗauke da farasitamol a ciki, don haka a lissafa da su.

Idan ciwon na haƙori ne, ko na mara lokacin al'ada, ko targaɗe, ko sanyin gaɓoɓi, to dangin ibuprofen da diclofenac da asfirin sun fi dacewa, saboda suna rage kumburin da yake haifar da zafin. Miligiram 400 na ibuprofen bayan cin abinci yakan kwantar da haƙorin da farasitamol ya kasa, kuma ana iya haɗa su biyun tunda hanyar aikinsu ta bambanta. Abin da ba a haɗawa shi ne 'yan gida ɗaya: wanda ya sha ibuprofen da diclofenac tare bai ƙara samun sauƙi ba, haɗarin gyambon ciki kawai ya ƙara wa kansa. Shi ya sa ba na yarda da haɗin nan da ake ƙullewa a leda, fara da ja da ruwan ɗorawa, ba suna ba kwali. Garin Alabukun ma asfirin ne da sinadarin da ke cikin kofi, don haka cikin wannan gida yake, kuma ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba asfirin.

A nan ya kamata a tsaya a dubi mai shan maganin kansa. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini ko ciwon zuciya, da mace mai juna biyu, musamman a watanni ukun ƙarshe, su guji wannan dangi sai da izinin likita. Haka nan manomin da ya yini yana gumi a zafin Maris da Afrilu, ko mai azumin da jikinsa ya bushe, ƙodarsa ba ta da ruwan da za ta jure wa diclofenac, sai ya sha ruwa ya ci abinci tukuna. Kuma tunda Bauchi tana cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ke yawan ɓulla da rani, duk zazzaɓin da ba a san asalinsa ba a tsaya a kan farasitamol a nufi asibiti, domin asfirin da ibuprofen suna ƙara saurin zubar jini.

Tramadol da kodin da mofin wani aji ne daban. A tsarin matakai uku da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1986 don masu ciwon daji, ana hawa zuwa gare su ne idan na ƙasa sun gaza, kuma likita ne yake hawar da mutum. Tramadol da aka amince da shi a Najeriya na miligiram 50 da 100 ne. Mai 225 ɗin da matasa ke sha don jure aiki haramtacce ne, yana kama mutum, yana kawo farfaɗiya, yana iya tsayar da numfashi. Maganin tari mai kodin kuwa gwamnatin tarayya ta hana shi tun 2018. Mai sikila da ciwonsa ya tashi sosai yana iya buƙatar wannan aji, amma a asibiti, ba allurar gida ba.

Akwai kuma ciwon da duk waɗannan ba sa yi wa abin kirki, wato na jijiya, irin zugi da ƙunar tafin ƙafa da masu ciwon suga ke kuka da shi. Maganinsa daban ne, kamar amitriptyline, kuma likita ke rubuta shi.

Don sanin ko magani ya yi aiki, mutum ya ba ciwonsa maki daga 0 zuwa 10 kafin ya sha, ya sake aunawa bayan awa ɗaya. Idan ya sauko daga 7 zuwa 3, babu dalilin neman wanda ya fi. Idan kuwa kwana 3 sun wuce makin bai motsa ba, ko bahaya ta yi baƙi kamar kwalta, ko ciwon a ƙirji yake, sai ya tattara kwalayen duk abin da ya sha ya kai wa likita ya gani.