Yadda ake tashi daga ƙaramin kamfanin jirgi zuwa babba a Amurka

Ba zan ɓata lokaci kan koyon tuƙin jirgin sama ba, na ɗauka kana da lasisinka kuma kana da izinin aiki a ƙasar, don in babu shi ko kai ka zo na ɗaya a kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya ba mai kallonka.

Farko dai tara awannin tuƙi. Tun 2013, bayan jirgin kamfanin Colgan da ya faɗi kusa da Buffalo a 2009, sai kana da awa 1,500 kafin a ba ka ko kujerar dama ta mataimakin kyaftin. Mai digirin tuƙi daga jami'ar da FAA, hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, ta amince da ita 1,000 ta ishe shi, soja kuma 750. Ka kama koyar da tuƙi kawai don tara awannin, albashin ba wani abin kirki ba ne amma ya fi ka riƙa hayar jirgi da kuɗin aljihunka.

Sai ka nemi ƙananan kamfanoni irin su SkyWest, Republic, Envoy ko Endeavor. Su ke kwaso fasinja daga ƙananan garuruwa da jirage samfurin E175 ko CRJ, kujeru ba sa wuce 76 saboda yarjejeniyar da matuƙan manyan kamfanoni suka ƙulla don kare aikinsu. Fentin jirgin na babban kamfani ne irin Delta ko United amma mai biyanka daban.

To a nan nake so ka buɗe kunne. Ranar da aka ɗauke ka ita ce lambarka ta siniyoriti, wato matsayinka a layin daɗewa a kamfanin, kuma ita ke raba komai, hutu, garin da za ka zauna, ranakun aiki, har lokacin da za ka koma kujerar hagu ta kyaftin, ƙwarewarka ba ta shiga lissafin ko kaɗan. Kana canza kamfani ka koma wutsiyar layi. Na ga yara da yawa sun yi tsalle daga wannan ƙaramin kamfani zuwa wancan don wani ɗan kuɗin sa hannu, ni ma na yi, sai ga waɗanda na bari a baya sun zama kyaftin ni kuma ina zaune a ɗakin haya ina jiran waya ko wani zai kwanta rashin lafiya a kira ni. Kar ka yi. Kana cika awa 1,000 a kujerar dama, in lambarka ta kawo, karɓi kyaftin nan take ko da garin da za a tura ka bai yi maka ba, awannin kyaftin su manyan kamfanoni suka fi dubawa.

Envoy, PSA da Piedmont na babban kamfanin American Airlines ne, suna da layin wucewa kai tsaye zuwa can, sai dai jira. Ni dai shawarata ka cika fom ɗin Delta da United da su FedEx tun yanzu, kana sabunta awanninka duk wata. In sun kira ka tafi ko sati kar ka ƙara, kujerar dama za ka sake komawa, kuma kana cika shekara 65 doka ta sauke ka.